Katifa Mai Rigar Ƙyallaye

Zuwa ga 'Yar Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya kamar yadda muke nan. Ni dai alhamdu lillahi, ban da gwiwar nan da ta raba ni da keken ɗinki, yanzu sai haɗa ƙyallaye nake yi da hannu ina rage zaman banza. Kunne ma ya ƙara nauyi, shi ya sa kika ga takarda ba waya ba. In aka kira ni sai in yi ta "na'am? na'am?" har mai kiran ya gaji ya kashe. Direban nan maƙwabcinmu yana bi ta ƙofar jami'arku, ya ce zai riƙa ajiye miki a wurin masu gadi, in kin rubuta amsa ki bar masa a nan.

Kar ki tsaya kina juya takardar kina cewa wace Gwaggo ce kuma wannan. Ni ce dai, wadda mahaifiyarta da kakarki suke ciki ɗaya. Ni ce wadda kika zauna a gidanta shekarar da mamanki ta yi doguwar jinya, kina kwana a tsakiyar 'ya'yana kina tokarinsu da ƙafa har gari ya waye. Rabona da ke tun kina da giɓi.

Babanki ne ya biyo ta nan kwanaki, yake gaya mini kina digiri na biyu, kuma an tura ki ofishin jami'a ki koyi yadda ake tafiyar da ita. Ya nuna mana hotonki a waya, na ce kai, wannan ce mai kukan ba a ba ta kan kifi ba? Auta ta karɓi wayar ta yi ta kallonki kamar za ta cinye.

To, ita Autar ce ta sa na ɗauko biro. A wannan jami'ar take karatu. Kin san ta tana goye a bayana, yanzu ta fi ni tsawo. Yarinya ce mai zurfin ciki, ko ƙaya ta taka sai ta isa gida kafin ki ji. Ba wani abu nake roƙo ba. In kin samu sarari ki leƙa ɗakinsu, ki ga yadda take kwana, ki gani da idonki. Ga lambar wayarta nan a ƙasa.

Taki,
Gwaggo mai ɗinki

* * *

Gwaggona,

Takardarki ta same ni lafiya, na kuma yi murna ba kaɗan ba. Allah ya sawwaƙe gwiwa. Yaya za a yi in manta da ke? Har yau in na ji ƙarar keken ɗinki ke nake tunawa. Ki yafe mini jinkirin amsa, aikin ne ba ya barin mutum ya ɗaga kai.

Horon sanin makamar aiki suke kiransa. Ana zagayawa da mu ofis-ofis, ko'ina mu ɗan zauna mu ga yadda ake yi. Na fara da ofishin rajista, na wuce na jarrabawa, yanzu ina ofishin kula da harkokin ɗalibai. Kar ki ɗauka wani babban matsayi ne. Teburina a bayan ƙofa yake, duk wanda ya shigo sai ya buge mini kafaɗa sannan ya ce sannu. Ni ke kai takardu, ni ke rubuta abin da aka tattauna a taro, wani lokaci har da haɗa shayi.

Shugabarmu Dakta muke ce mata. Ba ta ɗaga murya, amma in ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur, kowa sai ya shiga taitayinsa. Ta ce kowannenmu ya zaɓi matsala ɗaya da ke damun jami'ar, ya bincika, ya kawo mafita, ya rubuta rahoto. Kuma ana raɗe-raɗin kujera ɗaya za ta buɗe a ƙarshen horon. Gwaggo, ina son kujerar nan, ba zan ɓoye miki ba. Babana ya gaji da nuna hotona, gara ya samu abin nunawa na gaske.

Ni ɗakunan kwanan 'yan mata na zaɓa. Gadaje ba sa isa, sai waɗanda suka samu su ɗauko ƙawayensu su shimfiɗa musu katifa a ƙasa. 'Yan raɓe ake kiransu. Ɗakin mutum huɗu sai ki tarar an ninka. Ruwa ba ya isa, banɗaki kullum a toshe, bara har wayar wuta ta kama a wani ɗaki, Allah ne ya taƙaita. An sha yin bincike ba a kama kowa, domin da sun ji motsin masu dubawa sai su sulale. Ina da wata dabara da nake juyawa a raina.

Batun Auta ki kwantar da hankalinki. Mun haɗu, tana lafiya ƙalau, har ta yi 'yar ƙiba. Ɗakinsu ba laifi.

'Yarki

* * *

'Yar Yaya,

Bayan gaisuwa. Muna nan lafiya, gwiwa ta ɗan yi sauƙi, kunne kuwa yana nan yadda kika san labarinsa.

Ƙiba! Auta? Yarinyar da tun haihuwarta nake ɗura mata abinci take nan kamar tsintsiya? Na karanta wurin nan na sake karantawa, na cire tabarau na goge na sake dubawa. Har maƙwabciyata na kira na nuna mata. Ta ce to ai dama yaro sai ya bar gaban uwarsa yake cin abinci. Ko me kike ba ta, ki ci gaba.

Autar ma ta aiko da 'yar takarda ta hannun direba, layi uku kamar mai tsoron biro ya ƙare. Ta ce Anti tana kula da ita sosai. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Da na zo inda kika ce ɗakinsu ba laifi, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na san kin je, kin gani, kin gane, kin kuma yi abin da ya kamata ba tare da an buɗe baki an roƙe ki ba. Halin babanki ke nan sak. Ba zan ƙara tayar da maganar ba, kar in ba ki kunya.

Waɗannan 'yan raɓen da kike faɗa, ki bi su a hankali. Ba wadda ta baro gidan ubanta don tana sha'awar kwana a ƙasa. Amma tunda ke ce a kan abin, kuma kin san abin da kika sani, hankalina a kwance yake. Kujera kuwa in taki ce ba mai zama a kai, ina yi miki addu'a.

Ki daina haɗa musu shayi da daɗi, in ba haka ba a nan za su bar ki.

Gwaggo

* * *

Gwaggona,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan sauƙi yana ƙaruwa. Ni lafiyata ƙalau sai gajiya.

Dabarar nan ta yi aiki. Na ce wa Dakta mu daina neman mutane, mutum yana da ƙafa. Mu nemi katifa, ita ba ta gudu. Sai muka shiga ɗakunan da hantsi, lokacin kowa yana aji, da masu kula da ginin da makullansu. Duk ɗakin da katifa ta fi gado yawa, mu ɗauke rarar. Wata a ƙarƙashin gado, wata an naɗe an cusa bayan ƙofa, wata har a saman kwaba. Muka tara su a sito, muka sanar cewa mai katifa ta zo da katin shaidarta ta karɓi abarta.

Ni aka zaunar a bakin siton da tebur. Hukuncin dama yana nan a dokar makaranta, ba ni na ƙirƙiro shi ba: 'yar raɓe ta bar ginin kafin mako ya fita, wadda ta ajiye ta kuma ta rasa gadonta. Gwaggo, na ga abu. Wata kuka, wata roƙo har da durƙusawa, wata ta ce babanta wane ne, zan gani. Yanzu in na ratsa harabar makaranta sai in ji ana "ga Anti Katifa nan." Na daure, na ce aiki ne.

Ɗaya ce ta tsaya mini a rai. Doguwa ce siririya, ta zo can wajen la'asar da layi ya ragu. Katifarta ta fita daban, tun a sito ma'aikata suke ɗaga ta suna kallo. An yi mata riga da ƙyallaye kala-kala, an haɗa su ƙanana-ƙanana da ɗinkin hannu, a kusurwa ɗaya akwai wani shuɗi mai zanen kifaye. Na ce a raina Gwaggo za ta so ta ga wannan aikin. Yarinyar ta tsaya tana kallona, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta fasa, ta miƙo katinta. Ina cikin rubutawa ta ce, "Don Allah ƙawata ba ta da laifi, ni na roƙe ta." Na ce doka ce, ba a hannuna take ba. Ta ce, "To. Na gode, Anti." Ta naɗe katifar ta ɗora a ka ta fita. Waɗanda suka zage ni ban ji komai ba, wannan godiyar ce ta hana ni cin abinci ranar.

Amma dai ruwa ya wadata a ginin, masu gyaran banɗaki har godiya suka zo yi. Dakta ta karanta abin da na fara rubutawa, ta ce, "Wannan ya yi." Abokan horona sun ce ba su taɓa jin ta faɗa wa kowa haka ba. Ta ce zan gabatar da shi gaban manyan jami'a bayan jarrabawa, wadda ake shirin farawa.

Auta tana gaishe ki.

'Yarki

* * *

Gwaggo,

Ina fata lafiya. Direba ya zo har sau biyu ba takardarki. Na tare shi a bakin ƙofa, ya ce hannu da hannu ya ba ki tawa, kuma ya gan ki a zaune a ƙofar gida da ƙyallayenki, ba abin da ya same ki.

Ko na yi wani laifi ne? In don ban taɓa aiko miki da komai ba ne, wallahi kina da gaskiya, na ji kunyar kaina. Ga man zafi nan na gwiwa, mai kantin magani ya ce yana da kyau, a shafa safe da yamma. In kuma surutun aikina ne ya ishe ki, ki faɗa in rage.

Auta karatu ya ɓoye ta, na kira ba ta ɗauka ba. Kin san lokacin jarrabawa.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

'Yarki

* * *

'Yar Yaya,

Na gaishe ki. Man zafi ya iso, na gode. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba. Na fara takardar nan na yage ban san sau nawa ba, wata don ta yi zafi da yawa, wata don hawaye ya ɓata ta.

Shuɗin ƙyallen nan mai kifaye, labulen ɗakin yara ne. Ɗakin da kika kwana shekara guda. Da ya tsufa na yanke inda bai mutu ba na ajiye. Ni na haɗa rigar katifar nan da hannuna, na yi watanni a kanta, don in Auta ta kwanta a can ta ji kamar tana gida.

Doguwa siririya, kika ce. Ashe ba ta yi ƙiba ba.

Ba ki taɓa zuwa ganinta ba, ko? Kar ki ba ni amsa da wata dabara, na riga na sani. Na yi fushi da ke, fushin da rabona da irinsa tun rasuwar babansu. Na zauna ina cewa yarinyar da na matsa wa 'ya'yana suka buɗe mata wuri a tsakiyarsu, ita ce ta zauna a tebur ta kori tawa.

Amma da fushin ya lafa sai na ga kaina a cikin laifin tsundum. Na san Auta ba ta samu gado ba tun farkon shekara, ta gaya mini ƙawarta ce ta ɗauke ta. Da babanki ya tafi ta ce, "Mama, in je in same ta?" Na ce kul. Na ce mata Antinki sabuwa ce a wurin, kar daga zuwanta a ce ta fara jawo dangi. Na ce ko kun haɗu, in ba ita ta fara nuna ta san ki ba, ki kama bakinki. Ni na ɗaure mata baki, 'Yar Yaya. Ta tsaya a gabanki ta san ki sarai, ta buɗe baki, sai ta tuna da ni. Sannan na zo ina yi miki kewaye-kewaye, wai ki leƙa ki ga yadda take kwana, don girman kai ya hana ni in ce 'yata ba ta da wurin kwana, ki taimaka. Har da kika rubuto mini kina shirin kama 'yan raɓe, da bakina na ce hankalina a kwance yake.

Ita kuma ta rufa miki asiri, ta rufa mini. Takardarta ta ƙarshe cewa ta yi komai lafiya, Anti tana gaishe ni.

Ban ce ki goge sunanta ba, ban ce ki taɓa aikinki ba. Ban san inda 'yata take kwana ba, kuma tana cikin jarrabawa. Ki nemo mini ita.

Gwaggo

* * *

Gwaggo,

Na same ta. Tana nan a ɗakina yanzu haka, tana karatu a kan gadona. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran.

Ban taɓa zuwa ganinta ba, gaskiyarki. Da takardarki ta farko ta zo na ce gobe zan je, goben ta yi ta matsawa. Na tura mata saƙo sau ɗaya na ce ina nan tafe, ta ce to Anti. Da na zauna ba ki amsa sai na ji nauyin in ce ban je ba, na rubuta abin da na san zai faranta miki, da niyyar in je a satin ya zama gaskiya. Ƙibar ma ni na ƙara don ki yi dariya. Kuma ga abin da ya fi ba ni kunya: ban san sunanta na makaranta ba. Auta kawai na sani. Bayan na ce mun haɗu, da wane baki zan tambaye ki? Na riƙe katinta a hannuna, na kwafe sunan harafi-harafi, ban san na ƙanwata nake rubutawa ba.

Na je sashensu na tsaya a ƙofar zauren jarrabawa har suka fito. Da ta hango ni sai ta tsaya cik. Na ce, "Auta." Ta ce, "Mama ta gaya miki ke nan." Na ce me ya sa ba ki yi magana ba ranar? Ta ce, "Anti, akwai mutane a bayana a layi. Da na faɗa, ko ki bar ni a ce kin yi son kai, ko ki kore ni kina sane. Na ga gara ki kore ni ba ki sani ba." Gwaggo, a gaban ɗalibai na fashe da kuka, ita ce ma take ja na gefe tana cewa ana kallonmu.

Gidan su wata 'yar ajinsu ta koma, can ƙarshen gari, sai ta hau mota biyu kafin ta iso. Yanzu ga mai nauyin. Ranar wata jarrabawar safe aka tashi da ruwa, motoci suka yi wuya, ta iso bayan an rufe ƙofa. Ba a bar ta ta shiga ba. Na san dokar, na zauna a wannan ofishin, na kuma bi duk inda ake bi na tambaya. Ba a maimaita wa wanda ya makara. Darasin kuma sai an ci shi ake wucewa gaba, don haka zai ja mata ƙarin shekara. Ta ce kar in gaya miki sai ta zo hutu. Na ce mata na gama ɓoye miki abu.

Muka je muka ɗauko kayanta, ni na ɗauki katifar. Ɗakin da aka ba mu masu horo na mutum ɗaya ne, dokarsa iri ɗaya da ta ɗalibai. Ke nan Anti Katifa ta ajiye 'yar raɓe.

Washegari na je na gaya wa Dakta komai, har da ƙaryar da na yi miki. Ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Taki kin kai ta ɗakinki. Sauran fa?"  Ta ƙara da cewa, "Da kika ƙirga katifu, kin tambayi inda za a shimfiɗa su bayan sun bar sito?" Na ce a'a. Sai ta ce, "Ni ma ban tambaya ba, kuma ni na sa hannu." Ta sa an buɗe wani tsohon zauren karatu, duk 'yar raɓen da aka fitar ta dawo da katifarta har a gama jarrabawa. Ni ta ɗora wa kiransu ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun dawo, wasu da sun ji muryata suke kashewa. Ba Auta kaɗai ce ta rasa jarrabawa ba.

Dakta ta ce rahoton ba zai je gaban manya yadda yake ba, sai na rubuta abin da ya biyo baya, da sunana a kai. Batun kujera ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Auta ta ce za ta koma zauren da sauran, na roƙe ta ta zauna, Dakta ta ce ta ba mu zuwa ƙarshen jarrabawa.

Ban san yadda ake neman gafarar shekara guda ba, Gwaggo. Ki yafe mini in za ki iya.

'Yarki

* * *

'Yar Yaya,

Na gaishe ku ku biyu. Ina lafiya. Jiya ce rana ta farko da na ci abinci na ji ɗanɗanonsa.

Shekarar ta yi mini ciwo, ba zan ce miki ba komai ba. Na riga na gama lissafin ranar da zan ga Auta ta gama, ina roƙon Allah ya kai ni da ƙafata, yanzu an ƙara mini tafiya. Na yafe miki rabonki, ki roƙa mini ita ta yafe mini nawa, domin ni ban iya haɗa ido da ita a takarda ba tukuna.

Ta rubuto, wannan karon har shafi guda. Ta ce kin bar mata gado kin koma ƙasa a kan katifarta, kuma har yanzu kina tokari, ƙafar tebur ce take shan wahala. Ta ce kina tsare ta da abinci kamar mai kiwon rago. Ki rage, ba a rana ɗaya za ki mayar da ƙaryar ƙiba gaskiya ba.

Kujera in an ba ki, ki zauna, kin fi wanda bai taɓa ganin abin da kika gani ba. In ba a ba ki ba, babanki ya ci gaba da nuna hoto, bai kashe shi ba.

Daga yau kar ki sake rubuta mini tana lafiya ƙalau. Ki ce mini me ta ci, me ta ce, ta yi dariya ko ba ta yi ba. Ranar da ba ki gan ta ba ki ce ban gan ta ba. Ni kuma na daina kewaye-kewaye, abin da nake so zan faɗa kai tsaye, ki iya ko kar ki iya.

To ga na farko. Kin ba ni labarin Dakta, kin ba ni na zaure, kin ba ni na rahoto. Mutum ɗaya ce ban ji kin ambata ba. Yarinyar nan da ta matsa ta ba Auta wuri lokacin da ni na yi shiru ke kuma ba ki je ba, wadda Auta ta roƙe ki dominta kika ce ba a hannunki take ba. Ita ba 'yar raɓe ba ce, gadonta ne aka karɓe. Ina take kwana?

Kar ki amsa mini sai kin je kin gani da idonki.

Gwaggo